Ranar da Kakata Ta Tsinci Miya a Filin Lakwal

Duk lokacin da na ji ƙanshin ɗanyar ciyawa da aka tuge, sai hankalina ya koma filin lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta unguwar Talladje. Ka san a nan hutun makaranta da damina tare suke tafiya. Kafin mu koma, fili ya zama daji, ciyawa har gwiwa. Makon farko ba a karatu, kowa da 'yar hauyarsa muke zuwa, mu tuge, mu tara a bayan aji.

A shekarar da nake aji uku kakata ta wajen uba ta zo zama da mu, bayan rasuwar kakana. Ba ta jin Zabarmanci, balle Faransanci. Babana yana wuni kan keken ɗinki a unguwar Bukoki, ita kuwa tana wuni a bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Ni kaɗai ne abokin wasanta. Maigidana take ce mini, tana tsokanata cewa ta auri miji marar ko akuya.

Wata safiya muna cikin aiki sai ga ta da ƙwarya. Ta zo wucewa ta hangi tarin ciyawarmu, ta kasa haƙuri. Ta durƙusa tana zaɓe tana faɗa.

"Wa ya koya muku zubar da miya? Wanga lalo ne, wanga gasaya. Kai, 'yan birni."

Yara suka kewaye ta suna dariya, wai ga tsohuwa mai cin abincin awaki. Wani ɗan ajinmu ya taɓa ni, ya ce, "Ba daga gidanku take ba?" Na ce ban san ta ba. Ban faɗa da ƙarfi ba, amma ta ji. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da tsintarta.

Ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Tuwona ma ita ta zuba mini, da miyar lalon nan, na kuwa cinye tas don rashin kunya. Sai dai daga ranar ta daina ce mini maigidana. Ta koma kirana da sunana kamar kowa. Wallahi da ta ɗauki tsumagiya ta zane ni da ya fi mini sauƙi.

Ashe madam, malamar ajinmu, ta ga duk abin da ya faru. Bayan kwana biyu ta zo gidanmu da kanta, ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta ce, "Inna, ni a littafi na san ganyayen nan, kuma da sunan Nasara. Ki zo ki nuna mana." Ta hana a tuge ɓangaren da ya rage a kusurwar katanga.

Haka muka fara karatu a waje. Kowace Laraba da safe sai mu zauna a inuwar dogon yaro, kakata bisa kujerar madam, mayafinta a kafaɗa. Ba ta yarda mu kalli ganye kawai ba. Sai ka murza shi, ka sansana, ka ɗanɗana idan ta ba ka izini. Ta nuna mana inda raɓa ke daɗewa, da ciyawar da ke nuna ƙasa ta gaji. Mu manna ganye a kaye, wato littafin rubutunmu, madam ta rubuta sunansa da Hausa, 'yan Zabarmawa su kawo nasu sunan daga gida. Duk wannan ina can baya, kakata ba ta kallon wajena.

A Laraba ta uku ta ɗaga rassa biyu masu kama da juna, ta ce wa zai raba mata su. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ni kuwa na sani, don na sha taya ta tsinka a bayan gida. Na tashi. Na ce mai zagayayyen ganye tafasa ce, ita ake kwaɗo da ita, mai tsinin ganye da wari rai-ɗore ne.

Madam ta ce, "A ina ka koya?"

Na ce, "Wurin kakata. Ita ce wannan."

Tsohuwa ta gyara mayafi, ta dubi madam. "Ashe maigidan nawa ya dawo daga tahiya. Ko tsaraba bai kawo ba."

Aka yi dariya, har da ni, amma ido cike da ƙwalla.

Damina biyu ta ƙara da mu, Allah ya karɓi abinsa. Filin nan yanzu azuzuwa ne, an shafe sauran da siminti. 'Yata tana karatu a unguwar Dar es Salam, a gidan sama, itace a hoto take ganinsa. Ba na ganin laifin kowa, yara sun yi yawa, fili ya yi kaɗan. Amma ina kewar tsohuwar nan, kewa mai tsanani.

Kwanan baya yarinyar ta tsinko wani ganye a gindin katangarmu, ta ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Na murza, na sansana. Hancina ya gane shi, bakina ya kasa. Na ce ta ajiye, za mu tambaya. Yana nan cikin kayenta ya bushe, har yau ban sami wanda zan tambaya ba.