Makarar da Aka Hana Ɗan Dako

A zamanin juyin juya hali, da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, a Kwatano, ni mai koko da ƙosai ce a ƙofar gidanmu da ke Zongo, mijina bai daɗe da rasuwa ba. Yawancin masu sayen kokona 'yan dako ne daga Nijar. Su wuni suna ɗaukar buhuna a kasuwar Dantokpa, su kwana a barandar masallacin layinmu, don ba su da ɗaki. Akwai wani tsoho a cikinsu da nake kira Baba, wanda babu ɗan kasuwar layin da bai ɗaukar wa kaya ba. Na tsufa yanzu, amma wallahi har yau ban manta abin da aka yi masa ba.

Da kwalara ta shigo gari, sai manyan layi suka ce 'yan dako ne ke kawo ta. Aka kore su daga baranda, aka kwashe butoci, aka sa wa famfon masallaci kwaɗo. To, mutumin da ka hana famfo, ina zai sha in ba ruwan kwata ba? Na buɗe musu zauren mijina, ina tafasa ruwa ina ba su. Ƙanin mijina ya zo yana kumfar baki, wai na tara baƙi zan kashe 'ya'yan ɗan'uwansa. Na tambaye shi kakan wa aka haifa a Zongo, ba duk da ƙunshin kaya aka sauka ba? Ya kai ƙarata wurin delege, shugaban unguwa, wanda kullum maganar bakinsa ita ce talaka ɗan'uwan talaka ne. Delegen kuwa daga bakin titi ya tsaya, hanci a toshe, ya ce in yi hankali.

Ciwon ya kama Baba. Asibiti ta cika har tsakar gida, aka dawo mana da shi. Na yi ta ɗura masa ruwan gishiri da sukari, yana amayar da shi. Abu guda ya roƙe ni, ya ce in ya cika kada in bari motar hukuma ta ɗauke shi, don waɗanda take kwasa rami ɗaya ake zuba su, ba wanka ba salla. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a cikin Musulmi yake. Da na san halin mutanena da ban cika baki haka ba.

Ya cika da hantsi. Ni mace ce, ba zan wanke shi ba, ba zan sallace shi ba, ba zan bi shi maƙabarta ba. Na ja mayafi na bi gida-gida ina neman mazan da za su yi masa sutura. Wannan Alhaji ya ce yana da lodi, wancan ya aiko a ce ba ya nan alhali ina jin tarinsa. Na ce to, ko makara a ara mana. Mai riƙe da makullin masallaci ya ce makarar ta 'yan unguwa ce, in aka ɗora mai kwalara wa zai yarda a ɗora uwarsa gobe? Kai! Makara ma ashe tana da ɗan gida da baƙo! Na faɗa masa maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba.

'Yan'uwansa 'yan dako ne suka bar aikin ranar. Suka wanke shi da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, na ba da farin yadin da na ajiye don kaina, ɗayansu ya ja salla a gaban zaure. Suka shimfiɗa shi a kurar da suke tura buhunan masara, ƙafafunsa sun leƙo ta baya. Ina tsaye ina kallo suka bi layin, masu shaguna suna ja da baya.

Ranar sadakar arba'in, annoba ta lafa, na soya masar sadaka. Sai ga manyan layin sun cika tabarma, har da mai makulli, suna ta Allah Ya jiƙan bawan Allah. Na zuba musu, don sadaka ba a hana ta, amma ban sake gaida ko ɗaya ba. Na san gaba haramun ce, na yi istigfari, zuciyar ta ƙi.

Abin da na koya shi ne tsoron ciwo ba laifi ba ne, nima na ji shi. Amma ku masu karatu, in annoba ta zo, kafin ku rufe famfo ku tambayi kanku wa zai sha kwata saboda ku. Kuma kada wanda ya ɗauka makarar unguwa tasa ce, ba ka san garin da za ka faɗi ba.