Yanka Biyu da Maigidana Ya Ci a Giza

Shekararmu ta uku a Alkahira ciwon ciki ya kama maigidana. Yana aiki a ofishin jakadancinmu, mu Kiristoci ne daga kudancin Zariya. Likita ya duba shi, ya ja ni gefe ya ce in bar shi ya ci duk abin da ransa ke so. Na gane nufinsa.

Sai dai ba ya cin komai. Na tuƙa tuwo, na yi fate, na dama kunu, ya kalla ya kau da kai. Ya rame har zobensa yana zamewa daga yatsa.

Wata safiya ya ce, "Maman yara, akwai wani naman alade da na ci sa'ad da aka tura ni kwas Jafan. Garin burodi suke barbaɗa masa su soya. Shi nake marmari."

Naman alade a Alkahira ba abin da ake tambaya da babbar murya ba ne. Kwana huɗu ina yawo, ina shiga gidajen abinci ina raɗa wa masu hidima da guntun Larabcina, suna girgiza kai. Maƙwabciyata, wata Hajiya Bakanuwa, ita ta same ni ina kuka a kicin.

Ta ce, "Ni dai ba zan taka wurin ba, amma zan sa a tambayo miki."

Ta kuwa samo. Wani ɗan shago ne mai tebur biyar a wani lungu na Giza, nan gefen Alkahira, na wata tsohuwa 'yar Jafan da ta auri Kirista Bamisire. Ni da maigidana muka ɗauki tasi, yana jingine da kafaɗata.

Aka kawo naman an yayyanka shi, ya soyu ja, ga kabeji an yanka siriri kamar zare, da shinkafa, da wani baƙin romo mai ɗan zaƙi. Ya ɗauki yanka ɗaya, na ji ƙarar ɓawon a bakinsa. Ya haɗiye. Ya ɗauki na biyu. Ban taɓa nawa ba, maƙogwaronsa kawai nake kallo.

A na uku ya ajiye cokali.

Na ce, "Baban yara, don Allah ɗaya kacal."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya tsaya a nan." Ya dafa ƙirjinsa.

Tsohuwar ta zo ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri, ta ɗauke farantin, ta kawo masa ruwan shayi mai ɗumi.

Mako na gaba ya kasa sauka daga bene, sai na tafi ni kaɗai. Tsohuwar ta naɗe mini naman a takarda, na rungume shi a cikin zani don kada ya huce. Ya shaƙi ƙanshin, ya ce a ba yara.

Bayan wata guda aka mayar da mu gida. A asibitin Jos ya rasu, kafin damina ta sauka.