Sanduna Arba'in na Ketill

Shekara talatin da ɗaya Ketill Ormsson ya yi yana haƙa kabari da yankan ciyawa a maƙabartar cocin ƙauyenmu, a gaɓar yammacin Iceland. Na koyar da shi a aji, haka kuma Sigvaldi, wanda daga baya ya zama shugaban kwamitin coci.

Kowace shekara, a farkon Mayu, tsuntsuwar teku da muke kira kiriya kan iso daga ƙarshen kudancin duniya ta yi ƙwai a ƙasa tsakanin kaburburanmu. Ketill ne ke fara ganinta. Bai taɓa rikita ta da mafur, tsuntsun nan mai kalen kan kifi a bakin ruwa, ba: kiriya jelarta a rabe take, bakinta ja, hularta baƙa wuluk. Saboda ita ba ya taɓa ciyawar sai Agusta, bayan 'ya'yan sun tashi.

A shekarar da cocin ya cika shekara ɗari, aka sa biki a tsakiyar Yuli. Kiriya mai 'ya'ya tana saran kan duk wanda ya kusanto, amma abin da ya fi tsawo take hari, don haka mukan ɗaga sanda sama da kai mu wuce lafiya. Ketill ya feƙe sanduna arba'in domin baƙi, ya kai wa kwamiti.

"Baƙin birni za ka bai wa sanda kamar makiyaya?" in ji Sigvaldi. "Ka yanke ciyawar nan kafin Asabar. Ai mafur ne."

"Mafur ne ya fasa maka sanƙo bara, Valdi?"

"Za ka yanke, ko a nemo wani?"

"Nemo. Ka gaya masa sheƙa sittin da uku ne, ya sa takalmin da ba ya so."

Sigvaldi, mutumin da aka haifa cikin kukan kiriya, ya kalli jama'a ya kira ta mafur, kuma dukanmu muka yi shiru, har da ni. Wannan shirun ne har yau yake ci mini rai. Ranar Juma'a aka ɗauko mai injin yankan ciyawa daga wani gari. Abin da injin ya bari na 'ya'yan kiriya, Ketill ne ya tattara shi a buhu, ya ajiye mabuɗin rumbun kayan aiki a bakin ƙofa, ya tafi gida.

Kiriya ba ta sake sauka a maƙabartarmu ba. Shekara shida Ketill yana tsayawa jikin katanga kowane Mayu, tana wucewa ta samansa.

Ya bar wasiyya a binne shi a ƙauyen ƙetaren ruwa, inda ba a yankan ciyawa sai Agusta. A Yuli ya rasu. Ni na raba sandunansa a ƙofar maƙabartar can, tsuntsaye suna ta shawagi a kanmu. Sigvaldi ya iso a makare, ya cire hula, ya miƙo hannu. Saura uku a hannuna. Ban ba shi ba.