Rumbun Kawu

Aikina fumfuna ne. Idan na faɗi haka a gidan biki a Birni, sai mata su dubi juna, wata ta ce, "Duk karatun lakwal ɗin nan da kika yi, a kan abin da ke ɓata tuwo kika ƙare?" Tuntuni na daina ba su amsa.

Fumfunar da ke kama gyaɗa ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai zuba guba, wadda ke cin hantar mutum a hankali. Akwai 'yar'uwarta, ido ba ya raba su, amma ita ba ta da guba, domin wani yanki na ƙwayoyin gadonta ya ɓace. In marar gubar ta riga ta kama wuri, mai gubar ba ta samun masauki. Marar gubar nan na yi rabin rayuwata ina nema.

A rumbun kawuna na same ta, a wani ƙauye bayan Mirriya. Tsohon rumbun laka ne, ya tsage, jinkarsa ta yi baƙi. Duk kaka sai in je in kankaro ƙurar cikinsa, Kawu yana tsaye yana kallona. Na raine ta a farantan gilashi a labo, ɗakin bincikenmu, na san ta kamar tafin hannuna. Wata bazara wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, injin wutar labo ba man gazuwal, komai na cikin firigo ya mutu. Mai kula da wurin ya ce in yi haƙuri, ikon Allah ne. Allah bai ce a bar inji ba mai ba! Na haɗiye fushina, domin tushen yana nan a ƙauye.

Na kira Kawu a salula na ce ranar kasuwar Mirriya zan zo da baƙi biyu, abokan aikina daga ƙasar waje, mu duba rumbu. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan.

Ranar da muka je, tun daga bakin danga na ji ƙauri. Rumbu na tsaye fes, sabon yaɓe, sabuwar jinka. Na leƙa ciki. An kwashe tsohuwar gyaɗa, an kankare bango, an cika shi da kara an banka wuta. Toka ce kawai. Kawu kuwa yana gefe cikin babbar rigarsa ta sallah, yana jiran yabo.

"Kawu, me ka yi? Wa ya aike ka?"

"Gyara na yi, ɗiyata. Baƙi za su zo."

Garin neman gira an rasa ido. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. A gaban baƙi, a gaban matansa, na ce masa ya ƙone aikin shekaru, ya ƙone maganin da zai kare yaran Damagaram, har da shi da yaransa. Da ba ƙanin uwata ba ne, da na faɗi abin da ya fi haka.

Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Magani? Kin taɓa gaya mini magani ne? Kowace shekara ki zo, ki rufe hanci da ƙyalle, ki sa safar hannu, ki ɗebi dauɗar rumbuna ki tafi. Na zaci ƙazantarmu kike kai wa nasara su gani. Na yi shiru don ke ce. Amma a kawo su har gida su gani da idonsu, wannan kam ban iya ba."

Na sha tsayawa a gaban manyan malamai na yi bayanin fumfunar nan da Faransanci, na amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai rumbun, ban taɓa zama a tabarmarsa na yi masa bayani da Hausa ba. Fushin bai tafi ba, a kaina ya juyo, kuma har yau yana nan.

Duk da haka na durƙusa na ɗebi tokar, na shuka ta a faranti a labo. Kwana bakwai ina dubawa safe da yamma. Babu abin da ya tsiro.