Tafintar Zabarmawa a Kalgo

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Zabarmawa suka riƙa gangarowa daga ƙasarsu da Faransa ke mulka, wasu da jaki, mafi yawa a ƙasa. Lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Na baro Gwandu na koma gidan yayana a Kalgo, ina sayar da fura. Mahaifiyarmu Bazabarma ce, kuma a cikinmu ni kaɗai na riƙe harshenta. Yayana ya faɗa wa mai unguwa haka, bai ko tambaye ni ba.

Daga ranar hutu ya ƙare mini. Ina cikin daka za a aiko, wai wata tana naƙuda, ungozoma ba ta jin abin da take faɗi. In dawo, a ce in raka wani ɗakin magani. Ran kasuwa kuwa fura kan yi tsami a ƙwarya, ina can ina raba gardamar awo.

Sai na ga gara in koya musu Hausar in huta. Bayan la'asar matan kan taru a tsakar gidanmu, in ɗaga taɓarya in faɗi sunanta, in ɗaga ludayi, su maimaita. Masu ƙuruciya suka kama da wuri, har wasu suka sami aikin surfe a gidaje. Amma akwai wata tsohuwa da nake ce wa Inna, wadda ta binne mijinta a hanya. Wata uku ba ta wuce “sannu” da “ruwa” ba. Kullum ita ke fara zuwa, in an watse kuma ta zauna tana ba ni labarin garinsu, aikina yana jira.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na ce mata in ba za ta koya ba, ta daina kashe mini yini. Sai ta amsa da harshensu.

“Ɗiyata, kaina ya tsufa, ba ya ɗaukar sabon abu. Maganarki nake zuwa ji. Irin ta tsofaffinmu ce, yaran nan ba su yin ta.”

Ban ba ta haƙuri ba, gajiya ta yi mini yawa. Washegari dai na miƙa mata rariya, ta riƙa yi mini tankaɗe tana zuba labarinta, ni kuma ina amsawa in na samu numfashi.

Bayan damina biyu masu kyau, da yawa suka koma gida. Inna ƙafa ta hana ta. Ta dawo ɗakina ta ƙara shekara ɗaya, ta rasu da kaka ba ta iya Hausa ba. Ni na yi mata wanka. Da azahar aka sake aiko mini, wani cikin waɗanda suka rage zai je gaban alƙali. Na ɗauki mayafi na tafi.