Gwangwani Biyu na Soda

A layinmu in ka ce Baba Kumfa ba mai tambayar ka wanne. Gidansa ne na ƙarshe kafin kwalbati, mai ƙofar langa-langa da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Sunan ma na aro ne, don shekara talatin da 'yan kai ba shi ke yin sabulun ba, matarsa ce. Shi nasa yanka da waya, jerawa a kan katako, ɗaurewa a bayan keke, sai kuma cika baki. In ya isa wurin masu saye sai ya ce, "Jiya na dama wannan da hannuna," alhali ko muciyar ba ta bari ya taɓa.

Da Allah ya karɓi abarsa, sai ta bar masa baho biyu, muciya, akwatunan katako shida, da wani gwangwanin madara da ya lotse a gefe. Da shi take awo. Gwangwani biyu na soda, ruwa zuwa layin da ta karta a jikin bokiti, galan ɗaya na man alayyadi. Ya sha gani har ya haddace. Bayan an watse daga zaman makoki ya naɗe hannun riga ya ci gaba daga inda ta tsaya.

Ba a jima ba sabulu ya fara rashin mutunci. Fari ya dinga fito masa a ka kamar an barbaɗa gishiri, in an yanka sai ya tsage, in ka yi wanki da shi kuwa sai ka rantse kunama ka damƙa. Masu saye suka zame ɗaya bayan ɗaya, saura mai wanki da guga na bakin titi. Shi ma ran nan ya tare shi tun bai sauka daga keke ba, ya buɗe masa tafin hannu, duk ya sale.

"Baba, dubi nan. Sabulu kake kawo mini ko garwashi?"

"Hannunka ne ya tsufa."

"To rigunan mutane ma tsufa suka yi a cikin baho? Wallahi don darajar Inna nake karɓa. Ka ƙara kawowa sau ɗaya. In ya ci ni, sai dai mu riƙa gaisawa a hanya."

'Yarsu ɗaya ce tal, tana aure a wani gari, tafiyar yini guda a mota. Duk ƙarshen mako sai ta bugo waya, kuma maganar ba ta sauyawa.

"Baba, ka rufe gidan nan ka taho. Ga ɗaki mun gyara maka. Sabulun na Inna ne, ya bi ta."

Makon da mai wanki ya nuna masa hannu, ta sake bugowa. Ya ce, "To, 'yar nan. Zan yi na ƙarshe. In shi ma ya ƙi, ki aiko a kwashe ni."

Shi a ransa ya riga ya yanke cewa albarkar a hannunta take, kuma an binne ta da ita. Sai dai bai ga yadda zai sa wa gidan kwaɗo ba, ya koma gidan suruki yana jiran a ce masa ga ruwan wanka.

Mai shayi ne ya jawo maganar ɗakin karatu, shi ma da tsiya ya faɗa. Ya ce, "Ka je jami'a mana, Baba. An ce sun tara littattafai har rufi, ba a rasa wanda ya san ciwon sabulu." 'Yan benci suka kwashe da dariya. Washegari sai ga Baba Kumfa cikin rigarsa ta zuwa unguwa, biro a aljihu, ya hau keke ya miƙi titi. Karatunsa dai a aji shida ya tsaya, kuma tun lokacin ba su sake haɗuwa da littafi ba sai a shagon mai ƙunshe ƙusa da takarda.

Mai gadi ya tare shi. "Baba, wa kake nema?"

"Sabulu."

"Nan ba kasuwa ba ce."

"Na sani, ɗana. Can na fito, ba su sani ba."

Aka kai shi teburin tambaya. Wata mata ce a wurin, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya. Ta saurare shi a gurguje, don layi ya taru a bayansa, ta ba shi katin baƙo na wata ɗaya. Ta ce zai iya karanta abin da ya ga dama amma ba a fita da littafi. "Tunda sana'a ce ke ba ka wahala, hau bene, hannun dama, ɓangaren kasuwanci."

Kwana shida ya yi a hannun daman nan. Yakan zaɓi littafi mai kauri, don a ganinsa mai kauri ya fi sani, ya zauna kusa da taga yana bin layi da yatsa, leɓe na motsi. Abin da ya iya tsinta daga Turancin shi ne: ka yi wa mai saye murmushi, ka ƙawata ƙunshin kayanka, ka tambaye shi abin da yake so. Ya ce a ransa, ai ya riga ya faɗa mini, fatar hannunsa yake so.

Amma bai fasa zuwa ba. Shirun wurin daban yake da na gida. A gida in ya yi tari, bango ne ke amsawa. A nan kuwa shiru ne mai numfashin mutane a ciki, ga ƙarar buɗe shafi, ga fanka na juyi, wani na jan kujera. Ba mai kallonsa, ba mai ce masa sannu. Ran nan wata ɗaliba ta janye jakarta don ya sami wurin zama, ko ɗaga kai ba ta yi ba, shi kuwa har ya kai gida yana jin daɗin abin. In an tashi sai ya tura keke a ƙasa maimakon ya hau, don hanyar ta ƙara tsawo.

A rana ta bakwai mai tabarau ta hawo mayar da littattafai, ta gan shi ya dafe kai a kan wani shafi mai zane-zane.

"Baba, har yanzu? An samu?"

"An samu murmushi, 'yata. Sabulun ne dai ba a samu ba."

Ta ja kujera ta zauna. Wannan karon ta bar shi ya faɗi komai, har farin da ke fitowa da hannun mai wanki. Ta ce, "Laifina ne, na tura ka inda ba nan ba." Ta sauko da shi wurin kwamfuta, ta danna ta goge, ta sake dannawa, ta rubuta wata lamba a 'yar takarda. Suka shiga wani ɗaki a can baya mai warin tsohuwar takarda, inda ake jera kundayen da ɗalibai ke rubutawa kafin a sallame su. Ta zaro ɗaya mai baƙin bango. Wata ɗaliba ce ta bi masu yin sabulu a gida su ashirin da huɗu, ta zauna da su, ta rubuta abin da ke kashe musu sana'a. Wasu shafukan ma a manne suke, da alama tun da aka ajiye shi ba wanda ya buɗe.

Tana karantawa tana mayar masa da Hausa. Can ta tsaya, ta sauya tabarau.

"Da me kake awon soda?"

"Da gwangwaninta. Biyu cif, ban taɓa ƙarawa ba."

"Yaushe sabulun ya fara cin hannu?"

"Tun da ta rasu."

"A makon?"

Ya buɗe baki zai ce e, sai ya tuna. Zubi uku na farko lafiya lau suka fito, har mai wanki ya ce ashe Baba ya iya. Bai taɓa son lissafa kwanakin nan ba, shi ya sa ya dunƙule su wuri ɗaya.

"Sai da buhunta ya ƙare," in ji shi a hankali. "Na sayo sabo."

"Na da yaya yake?"

"Fale-fale, kamar ɓawon kifi."

"Na yanzu fa?"

"Ƙwaya-ƙwaya, kamar sukari. Mai shago ya ce duk ɗaya ne."

Ta juya masa kundin ta sa yatsa. Ƙarfinsu ɗaya, in ji ɗalibar, amma mai fale-fale ba ya zama daram a gwangwani, iska ke cike tsakaninsa. Mai ƙwaya kuwa cunkushewa yake yi. Gwangwani ɗaya, nauyi biyu daban. Mutum bakwai cikin waɗanda ta bi da haka suka ƙone sabulunsu.

Baba Kumfa ya daɗe yana kallon shafin.

"Ashe ba hannunta ba ne."

"Ita da ta ɗaga gwangwanin za ta ji ya yi nauyi, Baba."

Ya kwafi awon da ke shafin, nauyin soda kaza ga nauyin mai kaza, lamba ɗaya bayan ɗaya, yana danna biro har takardar ta huje.

Da ya koma gida ya kakkaɓe tsohon buhun da take ninkewa a bayan randa, ya tattara ragowar da ta maƙale a kusurwoyi, da ƙyar ta cika gwangwani. Ya ɗauki na da da na yanzu ya kai wa mai sayar da ƙusa ya ɗora a sikeli. Allurar ta nuna bambancin ƙiri-ƙiri. Mai ƙusa ya ce, "Farfesa, an gano?" Daga ranar sunan ya bi layi, har yau wasu da Farfesa suke kiran sa.

Ya ari sikelin, ya auna, ya dama, ya zuba a akwatuna. Sabulu kuwa ba a yi masa gaggawa, sai ya yi makonni yana shan iska. A kwanakin jiran bai da abin yi, sai ya ci gaba da zuwa jami'a, ya roƙi kundin nan, ya buɗe shafin da ya riga ya haddace ya zauna har a tashi. Ran da katin ya cika wata, wani ne ya tarar a teburin tambaya. Ya ce mai tabarau ta tafi hutu, in yana son sabon kati ya kawo dalili a rubuce. Baba Kumfa ya taɓa biron aljihunsa, ya ce a gaishe ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai wanki ya karɓi sanda ɗaya, ya jujjuya, ya shinshina, ya jefa a baho. Ya cuɗa riga ɗaya, ya cuɗa ta biyu, kumfa ta taso har gwiwar hannu. Baba na tsaye riƙe da keke kamar mai jiran hukunci. Sai da ya gama baho guda ya ɗauraye hannu, ya ɗaga su a rana, ya duba ciki da baya.

"Kai, Baba! Wa ya yi maka?"

"Da hannuna na dama."

"Yau dai na yarda. Sauke duka, ka kawo wani ran Laraba."

Bai jira ƙarshen mako ba, yana shiga gida ya bugo wa 'yarsa.

"Ya yi, 'yar nan. Mai wanki ya karɓa."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta wayar yana jiyo jikokinsa suna rigima a kan wani abu, ana buga kwano, wani na kiran ta. "Ke nan ba za ka taho ba."

"Ai aiki ya yi yawa yanzu."

"Kana dai cin abinci?"

"Ina ci."

"Mun sa maka labule sabo a ɗakin fa."

"A bar wa yara su riƙa karatu a ciki."

Wani ya fashe da kuka a can, ta ce za ta sake kira. Wayar ta katse, hayaniyar ta tafi da ita gaba ɗaya. Baba Kumfa ya zauna a bakin ƙofar ɗaki da wayar a hannu, ya daɗe bai motsa ba. Da ya ga inuwa ta fara cin tsakar gida, ya tashi ya ɗebo ruwa, don soda sai ta kwana a jiƙe kafin a dama.