Tabarmar Kurket a Gindin Goron Dutse

Jiya jikana ya nuna mini a wayarsa 'yan wasanmu suna karawa da baƙi a babban filin kurket na ƙasa, ciyawa koriya shar. Sai marigayi malaminmu na wasanni ya faɗo mini a rai.

Mu a kan tabarma muka koyi wasan, a gindin Goron Dutse. Kafin a shimfiɗa ta, yakan durƙusa cikin fararen tufafinsa yana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Malam, wa zai gani?"

Ya ce, "Ƙwallo za ta gani. Ranar da kuka samu ciyawa, ku kira ni."

Ga ciyawar ta samu, Malam, amma babu hanyar kiranka. Allah ya sa kana kan wadda ta fi ta, a Aljanna.